Daga Singafo zuwa New York: Abin da Ke Raba Lissafin Kilomita da Lissafin Sa'o'i

Tsakanin filin jirgin sama na Changi da ke Singafo da filin John F. Kennedy da ke New York akwai kilomita 15,349, kuma wannan adadi ba ya motsi, ko da bazara ko da hunturu, ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba. Tun daga watan Nuwamba na 2020, lokacin da kamfanin Singapore Airlines ya fara jigilar fasinjoji tsakanin filayen biyu ba tare da yada zango ba, wannan hanya ce ake ambata idan ana maganar tafiyar fasinja mafi tsawo a duniya. Da zarar an koma ga tambayar sa'o'in da tafiyar take ci kuwa, sai amsar ta ƙi tsayawa wuri guda. Jadawalin kamfanin yana ba ta tsakanin sa'o'i 18 da 19, jirgin yakan sauka kafin lokacinsa wata rana, wata rana kuma ya makara, sannan hanyar da ya bi wajen zuwa sau da yawa ba ita yake bi wajen dawowa ba. Shafukan intanet masu lissafa nisa tsakanin filayen jirgi sukan jera adadin kilomita da adadin sa'o'i a layi ɗaya, kamar dai abu guda aka auna da ma'auni biyu. Alhali kuwa na farko lissafin siffar duniya ne kawai, na biyu kuma sakamakon iska ne da nauyin mai da ƙa'idojin kariya da siyasar ƙasashe, har da dabarar kasuwanci ta kamfanin da ya rubuta jadawalin.

Ya kamata a fara da inda adadin kilomitan ya samo asali. Duniya mulmulalliya ce, saboda haka hanya mafi gajarta tsakanin wurare biyu a bayanta ba za ta zama miƙaƙƙen layi irin na takarda ba. Wanda ya ɗauki ƙwallo ya yi ɗigo biyu a jikinsa, sannan ya ja zare tsakaninsu har ya yi tsam, zai ga zaren ya kwanta a kan wani layi wanda, da za a ci gaba da shi har ya zagayo, zai raba ƙwallon gida biyu daidai wa daida. Wannan layi shi masana taswira suke kira babbar da'ira, kuma duk nisan da ake rubutawa tsakanin filayen jirgi biyu, tsawon yankin wannan da'ira ne da ya faɗo tsakaninsu.

Hanyar Singafo da New York tana da wani abin sha'awa, wato ana iya lissafa nisanta da fensir ba tare da kwamfuta ba. Changi yana kusan digiri 1.4 arewa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, kuma kimanin digiri 104 gabas da layin Greenwich, wanda daga shi ake ƙirga gabas da yamma. Filin Kennedy yana digiri 40.6 arewa da ikwaita, kimanin digiri 74 yamma da wancan layi. Idan aka haɗa 104 da 74 za a samu 178, wato saura digiri biyu a cika 180, abin da ke nufin biranen biyu suna kusan kishiyantar juna, ƙuryar arewacin duniya, wato ƙololuwarta da ke digiri 90 arewa da ikwaita, tana tsakaninsu. Hanya mafi gajarta ke nan ita ce a fuskanci arewa daga Singafo, a ratsa Sin da Mongoliya da Rasha, a wuce dab da ƙuryar arewa, sannan a gangaro ta Kanada. Daga Changi zuwa ƙuryar akwai digiri 88.6, daga can zuwa New York akwai 49.4, jimla 138. Kowane digiri a bayan ƙasa kimanin kilomita 111.2 ne, kuma idan aka ninka za a samu kusan kilomita 15,350, wato adadin da kamfanoni suke bugawa. Matuƙa jirgi ba da kilomita suke aiki ba, da mil na teku suke aiki, wanda tsawonsa mita 1,852 ne, kuma an zaɓe shi ne tun zamanin jiragen ruwa saboda ya yi daidai da kashi ɗaya cikin sittin na digiri. A wajensu lissafin ya fi sauƙi: 138 sau 60, mil 8,280.

Ɗan bambancin da ake gani tsakanin wannan shafi da wancan wajen faɗin nisa yana da dalili. Duniya ba cikakkiyar mulmulalliya ba ce, ta ɗan kumbura a tsakiya: daga cibiyarta zuwa ikwaita kilomita 6,378 ne, zuwa ƙurya kuma 6,357. Wasu masu lissafi suna ɗaukar matsakaicin 6,371 su yi aiki da shi, wasu suna la'akari da kumburin, sai amsoshinsu su saɓa da 'yan kilomita. Ga mai tafiya wannan saɓani bai taka kara ya karya ba, domin jirgi yana cinye kilomita goma sha biyar cikin minti ɗaya.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne taswira. Wadda aka fi sabawa da ita a bangon aji da allon waya ta samo asali daga aikin Gerardus Mercator na 1569, wanda ya tsara ta domin masu jiragen ruwa su riƙa jan miƙaƙƙen layi suna bin alƙibla ɗaya. Ta biya musu buƙata, amma ta yi hakan ne ta hanyar buɗa yankunan arewa da kudu fiye da girmansu, har tsibirin Greenland ya fito kamar ya kai Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. A kan irin wannan taswira hanyar jirgi takan fito a lanƙwashe, sai fasinja ya ɗauka zagaye ake yi da shi. New York da Beijing sun isa misali: dukkansu suna kusan digiri 40 arewa da ikwaita, kuma mai kallon taswira zai ce a miƙe yamma kawai. Wanda ya yi haka zai yi tafiyar fiye da kilomita 14,000, alhali ta saman yankin ƙanƙara na arewa nisan kimanin 11,000 ne. Lanƙwasar da ido ke gani ita ce yanke.

Idan an san nisa, sai hankali ya ce a raba shi da saurin jirgi a samu lokaci. Manyan jiragen fasinja na yau suna tafiya da kusan kashi 85 cikin ɗari na saurin sauti, wanda a can sama, inda sanyi ya kai digiri 50 ƙasa da sifili ko fiye, ya kama kimanin kilomita 900 a sa'a. Kilomita 15,349 a wannan sauri sa'o'i 17 ne. Jadawali kuwa yana cewa 18 da rabi ko sama da haka, saboda haka akwai sa'a ɗaya da rabi da ke buƙatar bayani.

Wani ɓangare nata a ƙasa yake tafiya. Lokacin da ake rubutawa a tikiti yana farawa daga sa'ad da aka tura jirgi baya daga ƙofar hawa, yana ƙarewa sa'ad da ya tsaya cik a ƙofar sauka, wato ya haɗa da tafiyar hawainiya zuwa titin tashi da jiran layi a bayan wasu jirage, abin da a fili mai cunkoso irin Kennedy yakan ci rabin sa'a ko fiye da yamma. Bayan tashi ma jirgi ba ya kai cikakken saurinsa nan take. A Amurka doka ta hana wuce mil na teku 250 a sa'a muddin jirgi yana ƙasa da ƙafa 10,000, hawa zuwa inda zai daidaita yakan ɗauki minti 20 zuwa 30, saukowa ma haka, kuma a ƙarshe masu kula da zirga-zirgar jirage suna iya sa shi shawagi har titi ya samu. Wannan asara kusan ɗaya ce ga gajeriyar tafiya da doguwa, shi ya sa tafiyar Landan zuwa Paris, wadda ba ta wuce kilomita 350 ba, take cin fiye da sa'a guda a jadawali. A kan wannan kuma kamfanoni suna ƙara nasu 'yan mintuna da gangan. Ana ƙirga jirgi a matsayin wanda ya iso kan lokaci idan bai makara da minti 15 daga abin da aka rubuta ba, don haka kamfanin da ya faɗaɗa jadawalinsa ya sayi suna cikin sauƙi. Idan matuƙi ya sanar cewa an iso da wuri, sau da yawa ba gudu aka yi ba, tun farko ne aka bar sarari.

Babban mai yanke hukunci dai shi ne iska. Kilomita 900 ɗin da aka ambata saurin jirgi ne a cikin iskar da ke kewaye da shi, kuma iskar nan ita ma tafiya take yi. A tsayin kilomita 9 zuwa 12, daidai inda jiragen fasinja suke bi, akwai wasu siraran koguna na iska masu gudu daga yamma zuwa gabas, waɗanda saurinsu yakan kai kilomita 200 a sa'a, da hunturu kuma ya haura 300. Suna samuwa ne a inda iska mai ɗumi ta yankunan tsakiyar duniya ta haɗu da mai sanyi ta ƙuryoyi, sai juyawar duniya ta karkatar da kwararar zuwa gabas, kuma da yake bambancin zafi da sanyi ya fi tsanani da hunturu, a lokacin suke fi ƙarfi. Wani masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Oishi, ya auna su da balan-balan a shekarun 1920, amma sai a Yaƙin Duniya na Biyu, da matuƙan Amurka suka tarar da jiragensu suna ja da ƙyar a saman Japan, aka ɗauki maganar da muhimmanci. Jirgin da ya shiga kogin yana fuskantar gabas, saurin iskar yana ƙaruwa a kan nasa. Wanda ya fuskanci yamma kuma, ana cire masa.

A nan ne ya kamata a kawar da wata fahimta da ta yaɗu, cewa tafiya gabas ta fi sauri domin duniya tana juyawa a ƙarƙashin jirgi. Da haka ne, ai tafiya yamma ce za ta fi sauri, tunda duniya gabas take juyawa, kuma inda aka nufa zai riƙa tahowa ya taryi jirgin. Gaskiyar ita ce iskar da ke lulluɓe da duniya tare da ita take juyawa, jirgi kuma a cikin iskar yake. Hannun juyawar duniya a wannan lamari ta bayan gida yake shigowa, wato ta hanyar karkatar da kogunan iska.

Tekun Atlantika shi ne inda aka fi ganin tasirin. Daga filin Heathrow na Landan zuwa Kennedy kimanin kilomita 5,550 ne, jadawali yakan ba zuwa New York kusan sa'o'i 8, dawowa Landan kusan 7. A watan Fabrairu na 2020, lokacin guguwar da aka yi wa laƙabi da Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin sa'o'i 4 da minti 56, saurinsa a kan ƙasa ya haura kilomita 1,200 a sa'a. Wannan adadi ya fi saurin sauti a can sama, amma jirgin bai karya shingen sauti ba, domin a cikin iskar da ke ɗauke da shi gudunsa na kullum yake yi. Jirgin da ya karya shingen da gaske shi ne Concorde, wanda ya yi wannan tafiya cikin sa'o'i 2 da minti 52 da daƙiƙa 59 a watan Fabrairu na 1996, kuma tun da aka ajiye shi a 2003 saurin jiragen fasinja bai ƙaru ba, domin kamfanoni sun fi damuwa da tsimin mai a kan rage sa'a guda. Saboda iskar tana sauya wuri kullum, hanyoyin da jirage suke bi a arewacin Atlantika ma ba a kafe suke ba. Cibiyar Gander ta Kanada da cibiyar Shanwick, wadda Birtaniya da Ireland suke gudanarwa tare, suna zana su sabo kowace rana: na dare masu zuwa Turai a sa su cikin kogin iska, na rana masu zuwa Amurka a kauce da su daga gare shi.

Akwai wani lissafi da ba kowa ke lura da shi ba, wato abin da iska ta bayar wajen zuwa bai kai abin da take karɓewa wajen dawowa ba. A ɗauki tafiyar kilomita 9,000 da jirgi mai gudun 900. Idan babu iska, sa'o'i 10 ne zuwa, 10 dawowa. Idan akwai iska mai gudun 150, zuwa zai zama sa'o'i 8 da minti 34, dawowa kuma 12 cif, jimla 20 da minti 34. Dalili shi ne jirgin ya fi daɗewa a cikin iskar da ke tare masa gaba fiye da wadda ke tura shi.

Wannan ne ya sa jirgin Singafo ba ya bin babbar da'irar da aka lissafa a sama a mafi yawan ranaku. Idan ya tashi daga Changi yakan fuskanci arewa maso gabas, ya wuce ta wajen Japan, ya hau kogin iskar arewacin Tekun Pasifik, ya shigo ta Alaska ko Kanada. Wajen dawowa kuma, maimakon ya juyo ya yi gaba da gaba da iskar da ta kawo shi, sau da yawa yakan ci gaba da fuskantar gabas, ya tsallaka Atlantika, ya ratsa Turai da Gabas ta Tsakiya da Indiya. Idan aka haɗa zuwa da dawowa, jirgin ya zagaye duniya ke nan. Nisan da yake ci a zahiri yakan haura kilomita 16,000, amma duk da ƙarin ya fi saurin isa kuma ya fi tsimin mai. Masu tsara tafiya a ofishin kamfani, da kwamfutocinsu da hasashen yanayi, abin da suke nema kowace rana shi ne hanya mafi arha, kuma ba safai take dacewa da mafi gajarta ba.

Maganar mai ita ce ta mayar da irin wannan tafiya abu mai wuya. Jirgin da ke yin ta, Airbus A350-900ULR, yana iya ɗaukar lita 165,000, wato ƙarin 24,000 a kan ɗan'uwansa na yau da kullum. Nauyin wannan mai ya kai kusan tan 130, a jirgin da iyakar nauyinsa wajen tashi tan 280 ne. Matsalar ita ce mai yana cin mai: litar da za a ƙona a sa'a ta goma sha bakwai sai an ɗauke ta tsawon sa'o'i goma sha shida, kuma ɗaukarta yana buƙatar wani man. Nauyin yana shafar lokaci kai tsaye, domin jirgi mai cike da tanki ba ya iya hawa can sama inda iska ta fi sirantaka, sai ya fara daga ƙasa-ƙasa ya riƙa hawa mataki-mataki yayin da yake sauƙi. Doka kuma ba ta yarda a tashi da man tafiya kaɗai ba. Dole a ƙara na ko-ta-kwana, da wanda zai kai jirgi wani fili idan na farko ya rufe, da na shawagin minti 30 da ba a taɓawa sai a halin gaggawa. Domin a samu wurin wannan nauyi aka rage mutane: kujeru 161 ne kacal a jirgin, 67 na ajin 'yan kasuwa da 94 na ajin da ke bi masa, babu ƙaramin aji ko kaɗan. Tarihin hanyar ya nuna yadda ribarta take a kan siraɗi. Kamfanin ya fara zuwa Newark, maƙwabcin New York, a watan Yuni na 2004 da Airbus A340-500 mai inji huɗu, ya daina a watan Nuwamba na 2013 da tsadar mai ta cinye ribar, bai dawo ba sai Oktoba na 2018 da aka samu jirgi mai inji biyu da ya fi tsimi.

Inji biyu kuwa yana zuwa da nasa sharaɗi. A da, ƙa'idar Amurka ta hana jirgi mai inji biyu yin nisan fiye da minti 60 daga filin da zai iya sauka idan inji ɗaya ya mutu, abin da ya tilasta wa irin waɗannan jirage rakuɓewa gefen teku. A 1985 aka fara ba da izinin minti 120 a ƙarƙashin tsarin da ake kira ETOPS, daga baya 180, kuma a 2014 hukumar Turai ta amince wa A350 har minti 370. Da wannan kusan duk tekunan duniya sun buɗe, amma har yanzu mai tsara tafiya sai ya tabbatar filayen gaggawa da ke kan hanya a buɗe suke kuma yanayinsu yana da kyau, in ba haka ba ya karkata. Tsaunuka ma suna da nasu hukunci. Idan iskar cikin jirgi ta zube, dole matuƙi ya sauko da gaggawa zuwa kimanin mita 3,000 inda mutum zai iya numfashi, tudun Tibet kuwa matsakaicin tsayinsa ya haura mita 4,000, don haka yawancin jiragen dogon zango suke kewaye shi ko da babbar da'ira ta ratsa ta kansa.

A ganina, abin da ya fi kowanne sauya lokacin tafiya cikin dare ɗaya shi ne siyasa. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifi hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta buɗe ne da cewa kowace ƙasa tana da cikakken iko a kan samaniyarta. Rasha ita ce ƙasa mafi faɗi, kuma tana kwance daidai kan gajeriyar hanya tsakanin Turai da gabashin Asiya. A zamanin yaƙin cacar baka, da Tarayyar Sobiyet ta rufe samaniyarta, jiragen Turai masu zuwa Japan sukan yada zango a Anchorage ta Alaska su sha mai. Bayan an buɗe Saberiya tafiyar ta ragu ƙwarai, har kamfanin Finnair ya gina kasuwancinsa a kan cewa Helsinki ce ƙofa mafi kusa zuwa Asiya. Da Rasha ta mamaye Yukren a watan Fabrairu na 2022, ƙasashen Yamma suka rufe mata samaniyarsu, ita ma ta rama, sai tafiyar Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga kimanin sa'o'i 9 zuwa kimanin 13, ba tare da ko ɗaya daga biranen ya gusa ba. Kamfanonin Sin kuwa sun ci gaba da ratsa Rasha, saboda haka jirage biyu suna iya tashi daga fili ɗaya zuwa fili ɗaya, guda ya riga ɗaya da sa'o'i biyu saboda tutar da ke jikinsa kawai. Ko inda ba a rufe ba, kamfanoni suna kauce wa wuraren yaƙi, musamman tun bayan harbo jirgin Malaysia Airlines a gabashin Yukren a watan Yuli na 2014, inda mutum 298 suka mutu.

Saura agogo, wanda ba ya ƙara wa tafiya ko minti guda amma ya fi komai ruɗa mai karanta tikiti, domin lokacin tashi da na sauka kowanne da agogon garinsa ake rubuta shi. Singafo tana gaban New York da sa'o'i 12 da bazara, 13 da hunturu, saboda Amurka tana sauya agogonta sau biyu a shekara, Singafo ba ta yi. A misali, jirgin da ya bar Changi da ƙarfe 12 na ranar Litinin da bazara, ya yi sa'o'i 18 da rabi, zai sauka New York da ƙarfe 6:30 na yammacin wannan Litinin ɗin, kamar tafiyar sa'o'i shida da rabi. Wanda ya bar New York da ƙarfe 10:30 na daren Litinin kuma sai ƙarfe 5 na asubahin Laraba zai sauka, ranar Talata ta ɓace masa a sama. Matuƙa da masu kula da zirga-zirga sun huta da wannan ruɗani, domin duk inda suke da agogo ɗaya na duniya suke aiki, wanda ya yi daidai da na Greenwich.

Idan aka tattara waɗannan, za a ga iyakar amfanin shafukan da ke lissafa lokacin tafiya. Da yawa daga cikinsu suna raba nisan babbar da'ira da wani matsakaicin sauri, su ƙara rabin sa'a ta tashi da sauka, su ba da amsa ɗaya ga zuwa da dawowa. A tafiyar arewa zuwa kudu, kamar Landan zuwa Johannesburg, inda jirgi ke tsallaka kogunan iska a gicciye, amsar takan yi kusa da gaskiya. A tafiyar gabas zuwa yamma takan kauce da sa'a guda ko biyu, inda kuma aka rufe samaniya ta kauce da huɗu. Jadawalin kamfanin da ke bin hanyar a wannan watan ya fi su abin dogaro, tunda ana sabunta shi bisa abin da jirage suka yi a zahiri, kuma na hunturu daban yake da na bazara. Ya kamata kuma a duba ko akwai zango, domin lambar jirgi ɗaya ba ta nufin babu tsayawa. Singapore Airlines ɗin nan yana da wata tafiyar New York da ke sauka Frankfurt ta Jamus, kuma wannan ta haura sa'o'i 20.

Gwajin da kamfanin Qantas na Ostareliya ya yi a 2019 ya sa adadin biyu gefe da gefe a fili. A watan Oktoba ya tashi da sabon Boeing 787-9 daga New York zuwa Sydney ba tsayawa, da mutanen da ba su kai 50 ba domin man ya isa, nisan babbar da'ira kimanin kilomita 16,000, aka yi sa'o'i 19 da minti 16. A watan Nuwamba ya maimaita daga Landan zuwa Sydney, kimanin kilomita 17,000, aka yi sa'o'i 19 da minti 19. Ƙarin kilomita dubu, wanda a lissafin rabawa ya kamata ya ci fiye da sa'a guda, minti uku ya ci, domin tafiyar farko yamma ta fuskanta, ta biyu kuma gabas. Domin mayar da waɗannan hanyoyi biyu na kullum kamfanin ya yi odar Airbus A350-1000 guda 12 a 2022, masu ƙarin tankin mai da kujeru 238 kacal.